Daga Hantsa Ake Gane Wando

Ka tsaya gefen masu sayen wando a kasuwar Terminus ko ta Katako a Jos ka ga yadda ake yi. Mutum ya ɗaga wandon ya dubi launi, ya naɗa ƙugun a wuyansa ya ga ko ya zagaye, ya taya, ya biya, ya tafi. Da wuya ka ga wanda ya juya cikinsa waje. To amma wando ba ya mutuwa ta launi, ba ya mutuwa ta ƙugu. Wurare huɗu ne ke kashe shi: hantsa, tsakanin cinyoyi inda suke gogar juna, gwiwa, da bakin aljihu. Wanda ya iya duba waɗannan wuraren cikin minti biyar ya fi wanda ya haddace sunayen kamfanoni.

Jos kuwa gari ne da ke wahalar da wando fiye da yadda baƙo zai zata. Garin yana bisa tudu mai tsayin sama da mita 1,200, ƙololuwar Duwatsun Shere kuma ta haura mita 1,800. A Disamba da Janairu za ka fito da asuba sanyi na ratsa ƙashi, kafin azahar rana ta buɗe ka fara neman inuwa. Daga Afrilu zuwa Oktoba ruwa ne, wani lokaci har da ƙanƙara, a Agusta kuwa sai a yi kwanaki shanya ba ta ga rana ba. Ga jar ƙasa mai kama kaya, ga duwatsun da fuskarsu ke da kaushi kamar dutsen niƙa, ga shingen ƙerana a ƙauyuka. Sannan mutumin da ya bar gida da rigar sanyi, in ya gangara Hawan Kibo ya nufi Akwanga ko Abuja, cikin awa ɗaya ya shiga wata duniyar zafi. Wandon da ake nema shi ne wanda zai jure duk wannan, a wanke shi ranar Lahadi, a sa shi zuwa ofis ko shago ranar Litinin ba tare da an ce ka fito farauta ba.

A wandon zamani na yau da kullum, ɗinki huɗu ne ke haɗuwa a wuri ɗaya a ƙarƙashi: na gaba, na baya, da na cikin ƙafafu biyu. Duk lokacin da ka buɗe ƙafa za ka haye dutse, ko ka tsallake kwata, ko ka ɗaga ƙafa za ka hau babur, nauyin jan duka a wannan ɗigon yake sauka. Shi ya sa yagewar take farawa daga nan, kuma takan zo ne a bainar jama'a. Maganinsa tsoho ne a wurinmu. Masu ɗinkin wandon gargajiya, buje ne ko mai kamun ƙafa, sun daɗe da sanin cewa sai an sa wani ƙyalle dabam a tsakani, wato hantsa, kafin mahayin doki ko mai tafiyar fatauci ya sake. Abin da kamfanonin kayan hawan dutse na Turai da Amurka ke ɗinkawa ke nan a yau, ɗan ƙyalle mai kusurwa huɗu, tsinannun baki biyu suna bin cikin cinya, su kuma ƙara kuɗi a kansa kamar sabon abu ne. Amfaninsa shi ne ɗinkin ba ya haɗuwa a ɗigo ɗaya, jan ya rarrabu. Idan ka buɗe ƙafafun wando a kasuwa ka ga wannan ƙyallen, to ka samu alama ta farko cewa wanda ya yanka shi ya yi tunanin mai motsi.

In babu shi ba ƙarshen magana ba ne, sai dai a gwada. Gwajin tsayuwa gaban madubi ba gwaji ba ne, kowane wando kyakkyawa ne ga mai tsaye. Ka sa shi ka tsuguna sosai, dugadugai a ƙasa. Idan ƙugun baya ya zame ya bar bayanka a waje, zurfin bayan bai kai ba. Ya kamata ɗinkin baya, daga hantsa zuwa ƙugu, ya ɗara na gaba da kamar inci 3 zuwa 4. Ka ɗora ƙafa ɗaya a kan benci mai tsayin gwiwa, ka ji ko yadin ya riƙe cinyarka. Mai salla ya yi zaman tahiya a ciki, domin wandon da ke matse bayan gwiwa a wannan zaman zai dame ka sau biyar a rana. Na ƙarshe, ka naɗe ƙafar zuwa ƙwauri kamar za ka yi alwala ko tsallake rafi. Wandon fensir mai baki inci 12 ko 13 ba zai hau ba. Baki mai zagayen inci 15 zuwa 16 ya fi dacewa da yawancin maza: yana naɗuwa, yana rufe wuyan takalmi, kuma bai yi faɗin da zai riƙa sharar raɓa da laka ba. A cinya, idan kana tsaye, ka iya tsunkule yadi kamar inci ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ƙasa da haka matsi ne, kuma yadin da ke a miƙe kullum shi ke saurin cinyewa.

Maganar yadi

Nan ne ake yawan ruɗewa, saboda mai shago zai ce maka kowane yadi «ba ya mutuwa». Ka nemi ɗan farin ƙyallen da ke cikin wandon, gefen ƙugu ko gefen aljihu, inda aka rubuta abin da aka saƙa shi da shi.

Auduga zalla ita ce mafi daɗi a jiki. Tana shan gumi, ba ta riƙe wari sosai, tartsatsin wuta bai cika yi mata komai ba. Aibinta shi ne ƙaunar ruwa. Ko a bushe take, auduga tana riƙe da laimar iska kusan kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinta, nailan kamar kashi 4, polista kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Wannan bambancin ne kake gani a igiyar shanya. Idan ruwan Agusta ya kama ka a saman Shere cikin wandon jins, zai yi nauyi, ya manne a cinya, iska ta riƙa bugunsa yana zuƙe ɗumin jikinka, jiƙaƙƙen ɗinkin kuma ya goge maka fata. Ka dawo gida ka wanke, yana iya kwana biyu bai bushe ba, har ya fara wari. Ba kushe jins nake yi ba. Tun 1873 da Levi Strauss da Jacob Davis suka yi rajistar dabarar sa 'yan ƙusoshin jan ƙarfe a bakin aljihu, domin ma'aikata aka yi shi, kuma har yau a cikin gari lokacin hunturu babu kamarsa. Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: jins na rani ne da kan kwalta.

Nailan ya fi kowa jure gogayya, shi ya sa wandunan hawan dutse na gaske akasari da shi ake yin su. Ba shi da nauyi, in ya jiƙe yana bushewa a jikinka kafin ka sauko. Sai dai yana da abokin gaba, wuta. Lokacin sanyi da ake kewaye garwashi ana jin ɗumi, tartsatsi ɗaya ya isa ya huda shi. Salansar babur in ta taɓa shi narkewa yake yi, kuma narkakken ya manne a fata, ƙunar ta fi muni. Polista ma haka. Don haka mai walda, da bakanike, da mai suya, da mai shayi, da duk wanda aikinsa ke kusa da wuta, ya tsaya a kan auduga mai kauri, kada ya saurari kowa. Wani abin da ba a faɗa maka a shago shi ne, a bushewar hunturu yadin roba zalla yana manne wa ƙafa, yana tara ƙura, wani ma yana ƙarar shuu-shuu in kana tafiya, abin da ba ka so a masallaci ko coci ko ɗakin taro.

Ga wanda ke son wando ɗaya da zai yi masa aiki biyu, a ganina gaurayen ya fi. Wanda ya fi yawa a kasuwa shi ne polista kashi 65, auduga kashi 35, irin yadin kayan ma'aikatan kamfanoni. Yana bushewa da wuri, ba ya yamutsewa sosai, launinsa na daɗewa. Wanda audugarsa ta fi yawa, kamar 60 da 40, ya fi sanyi a jiki in za ka riƙa sauka Abuja ko Lafiya. Akwai kuma rabi auduga rabi nailan, irin wanda sojojin Amurka ke ɗinka kayansu da shi. In ka ci karo da shi a launi ɗaya sak cikin gwanjo, kada ka bari.

Sai roba mai sa yadi miƙewa, wadda za ka ga an rubuta elastane ko spandex ko Lycra. Kashi 2 zuwa 3 ya wadatar a yadin auduga. Tana sa tsuguno ya yi sauƙi, amma ita ce ke fara mutuwa a cikin wando. Zafin dutsen guga, ruwan zafi, zafin rana da sinadarin farar da kaya duk suna kashe ta. In ta mutu sai gwiwa da mazaunai su yi jaka, su ƙi komawa. Wandon da aka yanka da wadatar hantsa ba ya bukatar roba da yawa. Yawanci ana cika ta ne don a rufe rowar yadi.

Bayan zare sai saƙa. Ka kawo yadin kusa da ido. In ka ga siraran layuka suna tafiya a karkace, irin saƙar jins da kaki da cinos ke nan. Tana da laushi, tana ɓoye datti, tana jure gogayya. In ka ga ƙananan gidaje kamar na dara, kowanne faɗinsa bai kai santimita ɗaya ba, wannan saƙar hana yagewa ce: an ratsa zare mai kauri kowane milimita 5 zuwa 8, ta yadda in ƙaya ko waya ta huda, yagewar za ta tsaya a gida na gaba maimakon ta zarce har gwiwa. Ga mai shiga jeji ko gonar dankali a Bokkos da Mangu, wannan ya fi. Illarsa ita ce in gidajen manya ne, kana shiga ofis an san kayan daji ne. Akwai masu ƙananan gidaje da ba a gani sai an matso.

Nauyi kuma ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita. Jins na sosai, wanda ake kira oza 12, yana kai wa giram 400. Cinos na tsakanin 240 da 300. Wandon nailan na tafiya yakan sauko ƙasa da 200. Ga Jos, tsakanin 220 da 300 ne wurin zama. Ba za ka samu wannan lambar a rubuce ba sau da yawa, don haka ka ɗaga yadin falle ɗaya ka kalli rana ta cikinsa. In kana ganin ɗigo-ɗigon haske ko'ina, saƙar sako-sako ce, ƙura da sauro da iskar hunturu duk za su wuce. Ka kuma kankare shi da farce: idan zaren ya goce ya bar gurbi, zai buɗe a bakin ɗinki. Kada ka bari sitacin kamfani ya yaudare ka, ka murza gefen yadin tsakanin yatsu. In ya saki nan take ko ya bar farin gari, kaurin na aro ne, wanki ɗaya zai tafi da shi.

In yadi za ka saya a yanka maka, babu rubutu, sai gwajin wuta. Ka roƙi ɗan zare daga gefe ka kunna masa ashana, nesa da sauran kaya. Auduga tana ci kamar takarda, da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Polista yana dunƙulewa, ya yi baƙin hayaƙi, ya bar ƙwallo mai tauri da ba ya murƙushewa. Ulu yana warin ƙonannen gashi. Gauraye yakan bar toka da ɗan tauri a ciki.

Juya shi

Yanzu ka juya cikin wandon waje. Ɗinkin da ya fi ƙarfi shi ne wanda aka kalmashe gefen yadin biyu cikin juna aka bi da layi biyu ko uku, irin wanda kake gani a cikin ƙafar jins da bayansa. Ba ka ganin bakin yadi ko kaɗan. Mai bi masa shi ne ɗinki ɗaya da aka yi wa wibin, wato ɗinkin rufe bakin yadi, sannan aka kwantar aka sake bi ta sama. Mafi rauni shi ne layi ɗaya tal da wibin a gefe. Ka kama yadin hagu da dama na ɗinkin baya ka ja da ɗan ƙarfi: in ɗinkin ya yi murmushi, zaren ya bayyana kamar haƙora, ajiye shi. Ka ƙirga ɗinki nawa ne a inci ɗaya. Takwas zuwa goma daidai ne ga yadi mai kauri. Biyar ko shida gaggawa ce, an buɗe keke don a gama da wuri. In kuma ya yi ƙanana fiye da kima, allurar ta huhhuda yadin har ya zama kamar takardar rasit mai jiran a yage.

Ka nemi 'yan gajerun ɗinki masu kauri, kamar tsutsa, a kusurwar kowane aljihu, a ƙasan zif, da saman da ƙasan madaukan bel. Su ne ke riƙe wuraren da ake ja. Madaukan bel ɗin su kai bakwai in ƙugunka ya wuce 34, ko aƙalla a samu ɗaya a tsakiyar baya. Biyar kan bar bel ya hau sama wandon ya zauna ƙasa in ka sunkuya.

Zif ƙaramin abu ne da ke ajiye wando mai rai. In ka ga YKK a kan marikin, na kamfanin Japan ɗin nan, alama ce mai kyau, ko da yake ana buga na jabu. Ka ja shi sama, ka kwantar da marikin, sannan ka buɗa yadin gefe da gefe: zif mai kyau yana kulle kansa, ba ya zamewa. Na ƙarfe ya fi dacewa da jins da kaki mai kauri. In ƙurar hunturu ta sa ya yi tauri, ka goge haƙoran da tsohon buroshi ka shafa kyandir, kada ka fizge shi.

Aljihu kuwa, ba yawansa ba, yadin cikinsa. Da yawa ana yin wando da yadi mai kyau a sa masa aljihun da bai fi gyale kauri ba, makulli ya huda shi cikin wata biyu. Ka sa hannu: ya shige har ya wuce wuyan hannu, domin wayoyin yanzu sun haura inci 6, in aljihun bai da zurfi kana zama a Keke Napep wayar ta zame. Aljihu ɗaya mai zif yana da amfani, a kan dutse saboda faɗuwa, a cunkoson kasuwa saboda 'yan sane. Manyan aljihunan gefen cinya na wandon kwambat kuwa, in ka cika su sai su riƙa dukan gwiwa kowane taku, suna kama reshe, kuma su ne ke hana wandon shiga taro. Wanda aka ɗinka a kwance, ba kumburi, ya fi.

A nan dole a yi gargaɗi. Kada ka sayi wando mai dabbare-dabbaren kakin soja, komai arharsa da ƙarfinsa. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kayan soja, kuma hanyoyin Filato cike suke da shingayen bincike. Ko a jaka aka gan shi sai ka yi bayanin da ba ka shirya ba.

Launi bai bukatar dogon zance. Baƙi da shuɗi mai duhu suna nuna ƙurar hunturu tun kafin ka isa bakin titi, fari da ruwan madara kuma jar ƙasa ce ajalinsu. Kaki, ruwan toka, ruwan ƙasa da kore mai duhu-duhu su ne ke tafiya da kowace riga. Kalmar kaki ma asalinta daga Indiya ta zo, tana nufin launin ƙura, sojojin Ingila suka ɗauke ta a can a ƙarni na 19. Mai zuwa inda shanu ke kiwo ya fi ganin kaska a kan yadi mai haske kafin ta kai fata, ya kuma cusa ƙafar wandon cikin safa in ciyawa ta yi tsayi. Mai niyyar Yankari ya guji shuɗi da baƙi, su ne launukan da ke jan ƙudan tsando.

Gwanjo ko tela

Gaskiya ita ce, wando mafi inganci da yawancin mutane za su samu a Jos a kuɗin da ya dace, a cikin gwanjo yake. Sai dai ka je da wuri ranar da aka buɗe dila, kuma ka je da tef ɗin awo, ka bar dabarar wuya. Lambar da ke jiki ba abin dogaro ba ce: na Amurka da Ingila suna rubuta ƙugu da tsawon ƙafa a inci, kamar W34 L32, na sauran Turai kuma 48, 50, 52, inda 50 ke kusa da ƙugu 34. Kamfanoni ma sun saɓa wa juna, wanki kuma ya riga ya canja shi. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna wandon da ya fi yi maka daidai a gida, a shimfiɗe: faɗin ƙugu, faɗin cinya dab da hantsa, zurfin gaba, tsawon cikin ƙafa. Ka rubuta a waya.

A gwanjo wurin farko da za ka ɗaga wa rana shi ne tsakanin cinyoyi. In ya fi sauran jikin haske, ko ya yi 'yan ƙulle-ƙulle, kwanansa ya kusa. In ka ga yadin ya yi ƙananan tudu kamar kunya, ko wasu fararen gashi sirara sun fito, robar ta mutu. Ka riƙe shi ta ƙugu ya rataya: idan ɗinkin gefe ya murɗo zuwa gaban ƙafa, haka zai zauna har abada, guga ba ta gyara shi. Tsawo gyaransa sauƙi ne. Ƙugu ana iya rage shi kamar inci 2 ta baya, fiye da haka aljihunan baya za su haɗu. Cinyar da ta matse kuwa ba ta da magani, babu yadin da za a saki. Saboda haka ka saya don cinya da mazaunai, tela ya gyara sauran.

In ɗinki za ka bayar, tun ran gini ran zane. Yadi mai faɗin inci 60, yadi ɗaya da kwata yana isar matsakaicin mutum, amma ka sayi ɗaya da rabi saboda hantsa da ƙyallen faci na nan gaba. Ka jiƙa shi ka shanya kafin ka kai, domin auduga tana tsukewa, wadda ba a sarrafa ba ma tana iya rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na tsawonta. Ka gaya wa telan ya yanka ƙafafun bisa tsawon yadin, kada ya juya su a kwance don ya rage saura, wannan ne ke sa wando murɗewa da yin jaka. Ya sa hantsa mai faɗin inci biyu da rabi zuwa uku, tsawon inci 8 zuwa 10, a yanke ta a karkace don ta ɗan miƙe. Ya yi amfani da zaren polista mai kauri, da allura lamba 16 ko 18 in yadin mai nauyi ne, ƙaramar allura tana tsallake ɗinki. Ɗinkin baya a bi shi sau biyu, a bar rarar inci ɗaya da rabi a ciki saboda ranar da jiki ya ƙaru. Aljihu a yi shi da yadi mai ƙarfi, ba ragowar shafin wata riga ba. Mai yawan durƙuso a gona ko wurin gini ya ce a ninka yadin gwiwa daga ciki. Wanda ba ya son bel, ƙubaka da zariya a ciki tare da maɓalli a waje sun fi roba zalla daɗewa, don zariya in ta tsinke ana zura wata. Mata masu sa wando a ƙarƙashin doguwar riga ko abaya don tafiyar dutse ko aikin gona, ƙa'idar ɗaya ce, kuma wando mai ɗan faɗi na gauraye ya fi matsattsen na roba, wanda ƙaya ɗaya ke warware shi.

Kada ka sayi wando mai kauri sosai don sanyin Disamba kawai, wata biyu zai yi maka aiki. Siririn dogon wando na ciki a ƙarƙashin matsakaicin wando ya fi ɗumi, in rana ta yi ka cire. Haka wandon leda mai hana ruwa shiga: yana tare ruwan sama, amma yana tare gumi, ka hau tudu minti ashirin ka jiƙe daga ciki. Mai saurin bushewa ya fi amfani a daminar nan. Kuma ba a fafe gora ranar tafiya, sabon wando a sa shi kwana biyu a gari kafin a kai shi dutse.

Wanki yana cin wando fiye da sawa. Ka zuge zif, ka juya cikinsa waje, ruwan sanyi, omo kaɗan, kada a bar shi a jiƙe ya kwana. Ban da Hypo a kan duk abin da ke da launi ko roba, ban da bugu a kan dutse, ban da buroshi mai tauri a cinya. Jar laka in ta kama, ka bari ta bushe, ka kakkaɓe, sannan ka jiƙa da sabulu a ruwan sanyi. In ka murza ta tana ɗanya kana tura ta cikin zare ne. A shanya a inuwa ko a juye, rana mai ƙarfi a wannan tsayin tana koɗar da launi da wuri, kuma a kan igiya, ba a ƙasa ko kan ciyawa ba, saboda akwai ƙudan da ke yin ƙwai a kayan da aka shimfiɗa a ƙasa, tsutsar ta shiga fata ta yi kamar maruru. Guga tana kashe ƙwan. In wandon na gauraye ne ko mai roba, ka rage wutar ko ka ɗora ƙyalle a kai, ka kuma gaya wa mai guga da dutsen gawayi, domin shi bai da maɓallin ragewa, kuma ƙyallin da zafi ya bari a kan polista ba ya fita.

Duk bayan 'yan wanke-wanke ka sake ɗaga tsakanin cinyoyin wa haske. Da zarar wurin ya fara sirancewa, tun bai huje ba, ka kai wa tela da ragowar yadin nan da ka ajiye. Ya ɗora ƙyallen daga ciki, ya wuce wurin da ya cinye da inci ɗaya kowane gefe, ya bi da ɗinki kusa-kusa, gaba da baya, bisa layin saƙar, da zare mai launin wandon yadda yake yanzu bayan ya koɗe, ba yadda yake ranar da aka saye shi ba.